Yadda ake gano asalin launin tsohuwar motar ƙwalisa kafin a fesa mata fenti

Masu tayar da tsofaffin motoci a nan Maradi a wurin launi suka fi ɓata aiki, kuma tun kafin a tayar da kwampareso ake ɓata shi. Mutum ya samu Mercedes 280 SL ko Peugeot 504 Coupé da ta daɗe jibge a rumfar gidan wani Alhaji, ya zuba kuɗi a inji, ya zuba a wurin toliye, wato mai gyaran ƙarfen jikin mota, ranar fenti kuma sai ya tsaya bakin shago ya nuna wata mota mai wucewa ya ce irin jan can yake so. Mota ta fito tana sheƙi, amma duk wanda ya san irinta yana ɗaga murfin inji zai ga jiki da ciki sun saɓa. Darajarta ta faɗi ke nan.

Fara da lamba. Kowace mota da lambar launinta ta fito daga kamfani. Ta Mercedes alƙaluma uku ce, a buge jikin wani ɗan farantin ƙarfe a ɗakin inji, kuma a SL na 1971 zuwa 1989 wajen ƙarfen da ke riƙe da lagireto za ka duba. 040 baƙi ne, 050 fari, 568 ja, 904 shuɗi mai duhu, 735 ruwan azurfa mai ƙyalli. Idan ka ga G ko H a gefen lambar, kamfanin da ya haɗa fentin ake nufi, Glasurit ko Herberts. SL na 1963 zuwa 1971 takan zo da lamba biyu, domin rufin ƙarfen da ake cirewa wani lokaci launinsa dabam ne da na jiki. A tsohuwar Porsche 911 duba ginshiƙin ƙofar direba, ta gefen da ƙofar ke rataye. Datsun 240Z kuwa takarda ce aka manna kusa da lagireto, 918 ruwan goro, 920 ruwan zinari, kuma da wuya takarda ta tsira daga zafin garin nan. Mai 504 Coupé ya kula da wani abu: kamfanin Pininfarina ne ya ƙera jikinta a Italiya daga 1969 zuwa 1983, ba a Kaduna aka haɗa ta ba, saboda haka kada ya auna ta da 504 ɗin da muka saba gani a tasha. Ɗauki hoton farantin tun yau, ka kuma gargaɗi yaran garaji kada sanfefa ta hau shi. Idan ya ɓace, Mercedes na ajiye da katin bayanin motocinsu, ana neman sa da lambar shasi da shaidar cewa motar taka ce.

Bayan lamba sai ka nemi fentin kansa. Kada ka dubi saman mota. Abin da ranar Maradi ta gasa shekara arba'in ya tashi daga launinsa: ja ya koma ruwan hoda, fari ya yi ruwan madara, shuɗi ya yi toka. Je inda rana ba ta taɓa kai ba. Ɗaga kafet, cire kwalin ƙofa, janye robar da ke zagaye da gilashi, leƙa bayan allon gaban direba da ƙasan but inda safayar taya ke kwanciya. Mai fentin kwaskwarima ba ya wahalar da kansa ya kai waɗannan wurare. Wanke wurin da sabulu, goge shi da man goge fenti har ya yi haske, sannan ka kalle shi.

Idan motar ta sha fenti sau da yawa, kuma yawancin waɗanda suka shigo ta Kwatano sun sha, zaɓi wuri mai faɗin tafin hannu a bakin ƙofa ta ciki. Ɗauki sanfefa lamba 600 da ruwa ka riƙa gogawa a hankali, kana matsa tsakiya fiye da gefe, har ƙarfe ya leƙo. Za ka ga launuka sun fito zobe-zobe. Na kusa da ƙarfe fentin shimfiɗa ne na kamfani, wanda ke bi masa shi ne asalin launi. In ka ci karo da mastik, wato abin da ake cike lotsawar ƙarfe da shi, a ƙasa, an taɓa gyara wurin, koma wani. In kuma ƙofa ɗaya ta ba ka kore sauran jiki na ba ka fari, ƙofar ce aka canza, don haka kada ka yanke hukunci da wuri ɗaya.

Yanzu ga inda kusan kowa ke faɗuwa. An samu lamba, an kai wa mai haɗa fenti nan gari ko a Kano, ya haɗa, an buɗe gwangwani an leƙa, an ce ai shi ne. Launin cikin gwangwani ba shaida ba ne. Fenti kamar zanen da aka tsamo daga karofi yake, sai ya bushe ake sanin launinsa. Kuma sinadaran da aka haɗa fentin 1970 da su, wasunsu masu dalma, an daina amfani da su, don haka lamba ɗaya ce amma abin da ke cikin gwangwanin yau kusantarwa ce kawai. Wani mai shagon ma ba shi da lambar a littafinsa, da ido zai haɗa maka, ba kuwa zai faɗa ba sai ka tambaya.

Saboda haka kada ka sayi fentin mota guda tukuna. Sayi ɗan kaɗan, rubu'in lita ya isa. Samo gutsuren ƙarfe mai faɗin littafi, a sa masa irin fentin shimfiɗar da za a sa wa motar, domin ja a kan fari dabam yake fita da ja a kan ruwan toka. A fesa da bindigar da za a yi aikin da ita, da hannun da zai yi aikin, a yi shafi adadin da za a yi wa mota. Bar shi ya kwana. Washegari ka turo motar waje ka kara ƙarfen da wurin nan da ka goge. Duba da hantsi, duba da la'asar, duba a inuwa. Kada ka yarda da fitilar garaji, launuka biyu kan yi daidai a ƙarƙashinta su rabu a rana. Tsaya gaba da gaba, sannan ka koma gefe ka kalla a karkace. Fenti mai ƙyalli, wato metalize, a karkacen nan yake tona asiri: ƙwayoyin ƙyallin na yanzu sukan fi na da girma, kuma ƙarfin iska da nisan bindiga kaɗai sun isa su sa launin ya yi haske ko duhu. Idan bai yi ba a koma a gyara haɗi, a rubuta abin da aka ƙara a bayan ƙarfen, a fesa sabo. Mai fenti zai ce maka, “Alhaji, ai in ya hau mota zai zauna.” Ba zai zauna ba. Kuɗin gwajin nan ƴan jakkuna ne, kuɗin kankare mota a sake kuwa kowa ya san shi.

Wani sai ya gano motarsa ruwan ƙasa ce ko kore mai duhu, ya ce bai yi masa ba, ja yake so. Ni dai ban yarda a canza ba. Da wannan launin aka zaɓi fatar kujeru da kafet, a tsohuwar SL ma allon gaban direba da marufan ƙafafu fentin mota ne a jikinsu. Canji na gaskiya yana bukatar a sauke inji a fesa ko'ina, kuma ko an yi haka farantin zai ci gaba da faɗin launin farko.

Batun berni kuma, wato shafin sheƙi marar launi da ake fesawa a kan fenti: goga farin ƙyalle da man gogewa a tsohon fentin, in launi ya biyo ƙyallen to ba berni a kansa. Launin da ba metalize ba, a mayar masa da irin nasa. Berni mai kauri a motar 1968 sheƙin roba yake ba ta.

In gwaji ya yi, sayi fentin gaba ɗaya da rara, a juye duka a mazubi ɗaya a motsa. Kada a fesa lokacin hazo da ƙurar hunturu, kada a fesa da tsakar ranar Afrilu. Da sassafe, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a sa tina mai jinkirin bushewa. Mai fesawa ya sa abin rufe hanci mai matata, rawani ba ya tare gubar maganin daskarar da fenti. A fesa ƙofofi da murfin inji rana ɗaya da jiki. Ragowar fentin a rufe shi da kyau, a rubuta lamba da haɗin a jikin gwangwani, a ajiye a ɗaki mai sanyi.