Yadda Nake Zaɓen 'Yan Wasa Idan Za Mu Yi Wasan Kwaikwayo a Unguwa

Da tashe na fara, kamar yawancin yaran birnin Zariya. Daga goma ga watan azumi, da an sha ruwa sai mu cusa tsumma a ciki, mu manna gemun auduga, mu bi gida-gida. Babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya raba mana rawa, amma kowa ya san wa zai yi tsoho, wa zai yi malam. Yanzu da nake shirya wasan kwaikwayo da matasan unguwarmu a filin makarantar firamare, wannan sanin nake komawa gare shi, sai dai nauyin ya ƙaru. Ɗan wasan unguwa ba ya tuɓe rawarsa ya bar ta a dandali. Da ita zai je masallaci da asuba, da ita zai buɗe shagonsa. Duk abin da zan faɗa a kan wannan ya rataya.

Mu a nan muna da abin koyi kusa da mu. Tun 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka da wasanni irin su Wasan Manoma a 1977 da Wasan Maska a 1979. Da farko ɗaliban ne ke yi, mutanen gari na kallo. Da tafiya ta yi tafiya aka gane cewa wasan ya fi shiga jiki idan masu matsalar ne da kansu suka hau dandali. Don haka kafin ka nemi gwani, tambayi kanka labarin na su wa ne. In a kan taki da bashin noma ne, nemo wanda ya taɓa riƙe fartanya. In a kan layin ruwa a bakin famfo ne, matan da 'yan matan da ke tsayuwa a layin su ne suka san kalaman da ake jifan juna da su a wurin.

Kada ka kira kowa gwaji sai ka gaida manya. Ni nakan fara da mai unguwa, in durƙusa in ce, "Ranka ya daɗe, wasa muke son yi a kan kaza, mun zo neman izini da albarka." Daga nan sai liman. Ka ba su labarin gaba ɗaya, har wurin da kake tsoron ba zai yi musu daɗi ba. Gara su ji daga bakinka a zaure da su gani a fili jama'a na kallonsu.

Ranar gwaji ba na miƙa wa kowa takarda. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi iya wasa ba sa karatun boko da sauri, takarda kuma takan daskarar da su. Ina shimfiɗa tabarmi, in kira mutum biyu, in ce, "Kai ka zo karɓar bashi, kai kuma ba ka da ko sisi, ga surukinka zaune a zaure." Sai in koma can ƙarshen fili in tsaya. Abu uku nake dubawa daga nan. Muryarsa na iso ni ba tare da lasifika ba? Domin ranar wasa wuta na iya ɗaukewa. Yana sauraron abokin wasansa, ko jira kawai yake a yi shiru ya saki tasa? Kuma in 'yan kallo suka yi dariya, yana iya riƙe fuskarsa? Mai yawan ban dariya a majalisa sau da yawa yakan cinye wasan shi kaɗai. Irinsa nakan ba shi sanƙira ko mai shela, inda surutun zai yi amfani. Wanda ya zauna shiru a gefe kuma kada ka sallame shi da wuri. Sa shi ya kwaikwayi tafiyar kakansa ka gani.

Harshe ma ina saurara. Yaranmu da zarar sun tsaya gaban jama'a sai su ɗauko maganar fim, su bar tasu. Nakan tsayar da su in ce su yi Zazzagancinsu. In a gida "rigan" kake cewa maimakon "rigar", faɗi "rigan", 'yan kallo za su ji kansu a bakinka. Rawar Bafulatani kuwa, ko ta Bayarabe ɗan Sabon Gari, a nemo mai ita ya yi. Zariya ba ta rasa su ba. Kwaikwayon karin harshen wani don a yi dariya yana barin tabo, kuma gobe kasuwa ɗaya za ku ci.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne rawar mugu. Na taɓa ba wani matashi tela rawar mai karkatar da takin manoma, don shi ya fi kowa iyawa. Ya yi wasan har mutane suka miƙe tsaye. Bayan nan yara suka bi shi da "ɓarawon taki" fiye da shekara, maganar ta kai har gidan da yake neman aure. Na je da kaina na yi wa iyayen yarinyar bayani, amma har yau abin na damuna. Tun daga ranar, mugu sai dattijon da unguwa ta riga ta shaida halinsa, wanda suna ba zai kama shi ba, ko kuma wani daga wata unguwar. Kuma ba na ba mutum rawar da ta yi kama da abin da ake raɗe-raɗin gidansu da shi, komai iyawarsa. Wurin zage-zage da gori, ina haɗa abokan wasa: taubasai, ko jika da kaka, ko Bakano da Bazazzagi. Jama'a sun san tsakaninsu, ba mai ɗaukar abin da zafi.

Mata sai an bi ta gida. Ba na aika yaro, da ƙafata nake zuwa tare da yayata, ita ta shiga wajen uwar, ni in tsaya da uban ko mijin. Ina faɗa musu rawar, da wanda za ta tsaya da shi, da lokacin tashi. Miji da mata a wasa, in da hali, a ba ma'aurata na gaske, in babu a tsara fitowar yadda ba sai an zauna tabarma ɗaya ba. In gida suka ce a'a, ka yi godiya ka tafi, kada ka zuga yarinya ta saɓa. Kuma kada ka manta da tsofaffin mata. Mata sun daɗe suna wasan gauta a gidajen sarauta, suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Gwanayen kwaikwayo suna nan cikin gidaje, tambaya ce ba a yi.

Sai maganar lokaci, wadda ke kayar da gwanaye da yawa. Tambayi kowa sana'arsa kafin ka ba shi babbar rawa. Ɗan acaba da yamma yake samu, manomi da damina ba naka ba ne, 'yan Islamiyya sai Alhamis da Juma'a. Shi ya sa na fi son kaka, bayan an kai amfani gida, lokacin da ƙauyuka irin su Bomo ke kalankuwa. Bita tsakanin La'asar da Magariba, ana kiran salla a watse. Nakan yi mako biyu ina bita kafin in tabbatar wa kowa rawarsa, ina lura da mai zuwa kullum. Matsakaicin da ba ya fashi ya fi mini gwanin da sai an bi shi gida. Kowace babbar rawa mutum biyu nake koya wa, saboda rasuwa ko biki na iya ɗauke ɗaya ranar wasa. Maganar kuɗi kuma a yi ta tun ranar farko: in babu sai kuɗin mota da abinci, a faɗa a gaban kowa.

Ranar sanarwa, waɗanda ba su samu ba nake fara gani, ɗaya bayan ɗaya, kafin su ji a bakin wani. Kowanne ina da aikin da na tanadar masa: kiɗan kalangu, amshin waƙa, aron kaya daga gidaje, shimfiɗa tabarmi, tsare yara kada su cika dandali. Bayan na gama da su ne nake tara sauran a inuwar darbejiya in kira sunaye.