Yadda ake auna kaurin sirof da jel na magani

Maganin yara da ake girgizawa kafin a sha, idan ya tsinke, garinsa kan kwanta a gindin kwalba. Sai yaro ya sha kusan ruwa zalla a cokalin farko, ya sha fiye da ƙima a na ƙarshe. Shi ya sa masu haɗa magani ba sa barin kauri ga ido. Auna shi ake yi da ma'aunin sentifoyis, cP a taƙaice. Ruwa a digiri 20 na ma'aunin Celsius yana da kusan cP 1, giliserin kuwa, wani ruwa mai kauri da zaƙi da ake sawa a magani, ya kai kusan 1,400.

Da farko a daidaita zafi. Giliserin ɗin nan, da ya hau digiri 30 kaurinsa ya faɗo kusan 600, ƙasa da rabi. To balle ɗakin gwaji a Kano ko Maradi a watan Afrilu. A sa kwalbar samfurin cikin ruwan da aka tsayar a digiri 25, a jira har ma'aunin zafin da aka tsoma cikin samfurin kansa ya nuna haka.

Idan abin yana zuba kamar ruwa, bututun gilashi na Ostwald, mai siffar U da layuka biyu a jikinsa, ya wadatar. A zuba, a zuƙo shi ya wuce layin sama, a saki, a ƙirga daƙiƙun da zai ɗauka ya sauko layin ƙasa. A maimaita da tsarkakken ruwa. Sai a ninka lokacin samfurin da nauyin mililita ɗayansa, a raba da abin da ruwan ya bayar ta wannan lissafi, a ninka da 0.89, kaurin ruwa a digiri 25.

Jel ne mai wuyar sha'ani, kuma nan ake buƙatar na'ura mai juya sanda, irin ta Brookfield. A duba kumfar da ke saman na'urar, mai nuna ko na'urar ta karkace, ta zauna tsakiyar da'irarta. A zuba jel a hankali cikin bika, wato kofin gilashin gwaji, mai faɗi, wadda aka saba ita ce ta mililita 600. Kada a garwaya shi da ƙarfi; iskar da ta maƙale ciki tana ɓata sakamako, gara a bar shi ya huce daga juyi har kumfa ta fita. A tsoma sandar a karkace don kada iska ta fake a ƙarƙashin faifanta, sannan a ɗaura ta, a saukar har jel ya kai tsagar da ke jikinta daidai.

A kunna, a dubi kason ƙarfin murɗa da allon ya nuna. Idan bai kai kashi 10 cikin 100 ba, wannan adadi ba abin dogaro ba ne, a ƙara gudu ko a sa sanda mai babban faifai. Idan ya haura 100, a yi akasin haka.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, jel ba shi da kauri guda ɗaya. Yawan juya shi, yawan sakinsa, shi ya sa yake shafuwa cikin sauƙi amma ya tsaya a kan fata. Jel ɗin Carbopol 940, wani garin sinadari da ake haɗa jel da shi, mai kashi 0.5 cikin 100, bayan an daidaita tsaminsa, kan ba da cP 40,000 zuwa 60,000 a juyi 20 cikin minti. Ƙara gudu, adadin ya sauka. Don haka duk wanda ya rubuta adadi bai rubuta lambar sanda, da gudu, da zafi, da tsawon lokacin da aka jira kafin karantawa ba, bai bar wa na bayansa abin kwatantawa ba.

Wani jel ɗin yakan yi tauri har sandar ta haƙa rami tana juyawa a banza, adadi yana ta raguwa. Irin wannan sai sanda mai siffar T a kan madogarar Helipath, wadda ke saukar da ita sannu a hankali tana ratsa sabon jel.