Yadda Mai Fasaha Zai Nemi Gurbin Zaman Aiki a Jami'a

Karon farko da na nemi irin wannan gurbi, wato damar da jami'a ke ba mai fasaha ya zauna a cikinta na wani lokaci yana aikinsa, shafi uku na cika da labarin kaina: inda na baje zane-zanena, waɗanda suka yaba mini, yadda na taso da son launi. Ba a ɗauke ni ba. Da na sake karanta takardar bayan wata shida, sai na ga ba su zalunce ni ba, domin ko a layi ɗaya ban faɗi abin da zan yi a jami'arsu wanda ba zan iya yi a ɗakina ba.

To daga nan za ka fara. Kafin ka ɗauki alƙalami, ka nemi tambaya guda da ta daɗe tana ci maka rai a cikin aikinka. Tawa ita ce: me ya sa jan launin da nake haɗawa daga ganyaye yake dushewa kafin shekara ta zagayo? Tambayar na buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da masanin sinadarai, kuma waɗannan jami'a ke da su.

Sannan ka duba wurin da ya dace da tambayar, don kowane da irin nasa tsari. Shirin marubuta na ƙasa da ƙasa na Jami'ar Iowa a Amurka, wanda Paul Engle da Hualing Nieh suka kafa a 1967, na masu rubutu ne, suna zama tare na 'yan makonni a lokacin kaka. Cibiyar Radcliffe ta Harvard kuwa tana haɗa masu fasaha da masana kimiyya da tarihi daga Satumba zuwa Mayu. A jami'ar MIT ta Amurka akwai CAST, cibiyar fasaha da kimiyya da aka buɗe a 2012, inda baƙo mai fasaha ke aiki da malami da ɗalibansa. A Afirka ta Kudu ma cibiyar STIAS da ke Stellenbosch tana karɓar masu fasaha tare da masu bincike. Wasu wuraren kai za ka nema, wasu sai an gabatar da kai, don haka ka karanta ƙa'idarsu da kyau.

A cikin takardar, ka kama suna. Ka ce sashe kaza, ma'ajiyar takardu kaza, na'ura kaza. In da hali, ka rubuta wa malamin sashen gajeren saƙo tun kafin ka miƙa takarda. In ya amsa, ka sami ƙafa ɗaya a ciki. Hotunan aikinka kuma 'yan kaɗan masu alaƙa da tambayar sun fi tarin da ba ya haɗuwa. Masu rubuta maka wasiƙar shaida ka ba su aƙalla wata guda.

Idan an ɗauke ka, kada murna ta sa ka sa hannu a yarjejeniya ba ka karanta ba. Alawus ɗin ya haɗa da masauki da kayan aiki? Sau nawa za ka koyar ko ka yi lacca? Wace irin biza ce, kuma ta ba ka damar karɓar kuɗi? Wa ke da haƙƙin mallakar abin da ka ƙirƙira? In aikinka ya shafi hira da mutane, ka tambaya ko sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, don wannan kaɗai yana iya cinye maka makonni.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne makon farko. Ka je ka gaida ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje da na laburare, ka san sunayensu. A wurin da na zauna daga baya, wata ma'aikaciya ce ta ɗora ɗan ƙyallena a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta ce, “Malam, leƙa nan.” Na leƙa, na ga launin ya kwanta a bayan zaren kamar ƙura, bai shiga cikinsa ba. Shekara huɗu ina zargin rana, ashe jiƙon da nake yi wa ƙyallen ne bai kama ba. Ranar ban iya cin abincin rana ba saboda ɗoki.

Saura mako biyu ka tafi, ka kwashe bayananka da hotunanka daga kwamfutar jami'a zuwa taka, ka karɓi lambobin waɗanda kuka yi aiki tare, domin adireshin imel da katin laburare sukan daina aiki da zarar wa'adinka ya cika.