Yadda ake zaɓen ƙaramin akwatin haske mai sauƙin kuɗi don situdiyon hoto

Duk wanda ya taɓa harba filas, wato fitilar walƙiya ta ɗaukar hoto, kai tsaye a fuskar mutum ya san abin da take yi: goshi ya yi ta ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, inuwa baƙa ƙirin ta manne a bango, kwalliyar amarya ta tashi a banza. Maganin wannan shi ne akwatin haske, wanda 'yan sana'a ke kira sofbokis. Tanti ne ƙarami da ake ɗaura wa filas, cikinsa mai sheƙi, bakinsa kuma rufe da farin yadi da ke baza haske ya sauka a hankali. Yawancinmu a Nima da Mamobi da Sabon Zango, unguwannin Ankara babban birnin Gana, a shago ɗaya muke aiki, wasu ma a kwantena, kuma sidin da ke hannu, wato kuɗinmu na Gana, ƙidayayye ne. Don haka ga yadda nake ba yaran da ke koyon aiki a wurina shawara.

Mataki na farko, dubi bakin filas ɗinka, wato inda ake ɗaura akwatin, kafin ka dubi akwatin kansa. Bakin iri-iri ne, kuma ba sa shiga juna. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne bakin Bowens, mai haƙora uku da ake turawa a murɗa. Kamfanin na Ingila ne, ya rufe a 2017, amma bakinsa ya zama na kowa, shi ne a jikin yawancin fitilun situdiyo na Godox da Neewer. Na Elinchrom daban, na Profoto daban. Idan kuwa ƙaramar filas ta kan kyamara gare ka, sai ka haɗa da mariƙi irin S2 na Godox, wanda ke kama ta ya ba ta bakin Bowens. Ɗauki hoton bakin a wayarka, ko ka saka filas ɗin a jaka ka tafi da ita.

Mataki na biyu, auna ɗakinka, kuma a nan zan daɗe, domin nan ne ake yawan asara. Laushin haske yana zuwa ne daga girman akwatin idan aka kwatanta da abin da ake ɗauka, da kuma kusancinsa. Akwati mai santimita 60 da aka kawo dab da fuska ya fi mai santimita 120 da aka kai ƙarshen ɗaki taushi. Ga kuma ƙa'idar da ba ta canzawa: idan ka ninka nisa sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai iso. Saboda haka kusantarwa riba biyu ce, haske ya yi laushi, filas kuma ba ta wahala.

Hoton fasfo, ko kayan sayarwa irin su turare da takalmi da 'yan kunne, mai 60 da 60 ya wadatar. Hoto daga kai zuwa ƙugu, mai 60 da 90 ko mai kusurwa takwas na santimita 80 shi ne daidai. Ni mai 60 da 90 na fi so ga wanda abu ɗaya zai iya saya, domin ana tsayar da shi ana kuma kwantar da shi, kuma yana lafewa a jikin bango. Mai kusurwa takwas yana sa ɗigon haske zagayayye a ƙwayar ido, abin da amare ke so, sai dai yana cin wuri. Kada ka manta da fankar sama. Auna daga ƙasa zuwa fikafikanta, ka tuna cewa akwatin zai hau sama da kan mutum yana tsaye, wani lokaci da ɗaurin kallabi ko hula. Gaskiya ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: ƙaramin akwati ba zai haska iyali goma ranar suna daga kai har ƙafa ba. Wannan aikin laimar hoto ce mai baza haske, ko fitila biyu.

Mataki na uku, buɗe shi a gaban mai kaya. Ko a shago ne wajen Sakul a cikin gari, ko ka gani a shafin saye da sayarwa na Jiji ko Tonaton kun haɗu da mai shi, kada ka karɓa a naɗe. Iri biyu ne. Akwai mai sanduna da ake cusawa ɗaya bayan ɗaya a zobe, ya fi araha, amma haɗa shi na cin lokaci da ƙarfi. Akwai mai buɗewa kamar laima, ya ɗan fi tsada. Idan a shago zai zauna, sayi mai sanduna ka haɗa sau ɗaya ka bar shi. Idan kana shiga turotoro, wato motar haya, zuwa gidajen biki, ƙara kuɗi ka ɗauki mai buɗewa. Zoben ya zama na ƙarfe, domin na roba ba ya jure zafin fitilar gwaji, wato ƙwan da ke kunne a jikin filas don ka ga inda haske zai sauka. Bi ɗinkin kusurwoyi da yatsa, nan sanduna ke fara huda yadi. Sannan ka kunna tocilar waya a ciki ka duba ta baya, idan haske na ɓullowa ta baƙin yadin, ajiye shi.

Sai farin yadin gaba, wanda mutane ke rainawa. Ya kamata su zama biyu, ƙarami a ciki da babba a baki. Na cikin ne ke kashe kaifin hasken da ke taruwa a tsakiya, kuma a fatarmu mai duhu da sheƙi, ga zufar Ankara, rashinsa nan take yake nunawa a goshi da karan hanci. Ɗora farar takarda a jikin yadin ka gwada launi a hasken rana. Na taɓa sayen na hannu a wurin wani, ban yi wannan gwajin ba, ashe yadin ya tsufa ya koma ruwan madara. Ranar Sallah wata dattijuwa ta zo da jikokinta cikin farar shadda. Da ta ga hoton sai ta ce, "Ɗana, ni fara na ɗinka, ina wannan ruwan ɗorawa ya fito?" Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, laifin kayana ne." Na sake ɗauka kyauta, kuma har yau abin yana damuna, domin amana ta kawo mini.

Idan akwai raga a cikin jakar, wato baƙin saƙa mai ramuka kamar gidan zuma, ka yi sa'a. A ƙaramin ɗaki mai farin fenti haske na tsalle ko'ina, raga ce ke tsare shi a kan mutum ta hana shi wanke bango. Tana rage ƙarfin haske, amma ta cancanci ƙarin kuɗinta.

Mataki na huɗu, ware wani abu don ƙafar da za ta ɗauki filas da akwatin. Akwati mai kyau a kan siririyar ƙafa faɗuwa zai yi, ya tafi da filas. Cika tsohuwar jaka da yashi ka ɗora a gindinta.

Da ka kai shago, gwada a ranar, tun ana iya mayarwa. Sa kyamara a ISO 100 (ƙarfin jin haske), gudun ɗauka 1/160 na daƙiƙa, buɗewar ido f/8. Tsayar da akwatin a gefe, tsakanin gaba da kafaɗar mutum, sama da ido kaɗan, nisan kamar mita ɗaya. A ɗaya gefen riƙe farin kwali ya mayar da haske cikin inuwa. Ɗauka, duba, matso da shi taki ɗaya, rage ƙarfin filas, sake ɗauka, ka kwatanta gefen inuwar hanci a hotunan biyu. Idan hunturu ya shigo daga Disamba, cire farin yadin kullum bayan aiki ka sa a leda, in ya yi datti ka wanke da hannu da sabulu mai sauƙi, ka shanya a inuwa.