Yadda zaka riƙa zaƙulo kalmomin Turanci daga haruffan da ke gabanka

In kana cikin masu kwana kan Scrabble, wasan haɗa kalmomi da ƙwayoyin haruffa, a bes, wato majalisar hira, a unguwar Aboabo ko Asawase ta Kumasi, ko kana da yaro mai shirin jarrabawar BECE ta gama ƙaramar sakandare da sifelin ke ba shi wahala, matsalar ɗaya ce, ga haruffa a gabanka amma kalma ta ƙi fitowa. Yawanci ba ƙarancin Turanci ba ne. Kalmar ka san ta sarai, ido ne bai saba ganinta a wargaje ba, kuma ana iya horar da ido.

Fara da jera haruffan bisa tsarin ABCD duk lokacin da ka ɗebo su. In ka samu S, T, N, L, I, E sai ka mai da su EILNST. Amfaninsa shi ne duk kalmomin da suka haɗa waɗannan haruffan fuska ɗaya za su riƙa zo maka da ita, LISTEN da SILENT da ENLIST da TINSEL da INLETS duka EILNST ne in an jera su. To sai ka yanka kwali ƙanana, gaba ka rubuta jerarrun haruffan baya ka rubuta kalmomin, ka zuba a aljihu kana dubawa a cikin motar haya ta trotro kafin a kai kasuwar Kejetia, wlh wannan ya fi maka haddar ƙamus daga shafin farko wanda ba mai wuce harafin B.

Kar ka yi wa kowace kalma kwali, fara da haruffan da suka fi yawa a jakar da ake ɗebo ƙwayoyin Scrabble. Cikin ƙwayoyi 100 na Scrabble, E guda 12 ne, A da I tara tara, N da R da T shida shida, shi ya sa AEINRST ke yawan faɗo wa mutum, kuma a cikinsa akwai RETAINS, NASTIER, RETINAS, STAINER. Ƙwayoyi bakwai kowane ɗan wasa ke riƙewa, in ka sauke bakwai ɗin duka a hannu ɗaya ana ƙara maka maki 50, a nan ake cin wasa, ba a tsintar goma sha biyu sha biyu ba.

In jerin bai nuna maka komai ba sai ka cire wutsiya. Duba ko kana da ING, ED, ER ko EST ka tura su gefen dama, RE ko UN ko OUT kuma gefen hagu, sannan ka kalli abin da ya rage kawai. Misali A, D, E, G, I, N, R, ka cire ING saura A, D, E, R, nan take ka ga READ, ka samu READING. Ka cire ED kuma GRAINED ya fito. Juya haruffa huɗu ya fi juya bakwai sauƙi nesa ba kusa ba.

Yara kuwa a koya musu ta dangi dangi. A rubuta IGHT a allo su riƙa canza harafin gaba, LIGHT, NIGHT, FIGHT, RIGHT, SIGHT, MIGHT, TIGHT. Ko a fara da EAR a ƙara harafi ɗaya ɗaya, HEAR, HEART, HEARTH. Sai dai a kula, Turanci ba kamar Hausa ba ne da ake karanta abu yadda aka rubuta shi, THOUGH da THROUGH da TOUGH da COUGH duka OUGH ne amma kowanne da furucinsa, in ba ka faɗa yaro ya ji da kunnensa ba zai haddace rubutun ya je ya kwafsa a baki.

Wannan dangin na IGHT ɗin shi ne ke kashe masu Wordle, wasan nan na harafi biyar gwaji shida da New York Times ta saya a 2022. Mutum ya ga kore huɗu, wato haruffa huɗu sun zauna daidai a gurbinsu, sai ya hau caca, LIGHT a'a, NIGHT a'a, har damarsa ta ƙare. Abin yi shi ne ka sadaukar da gwaji ɗaya ka sa kalma irin FILMS, a tashi ɗaya ka tantance F da L da M da S.

Sai Q, wadda kowa ke tsoro in ba U a hannu alhali makinta 10 ne. Mu ’yan Zango nan muna da riba da ba mu sani ba, don ƙamus ɗin Collins da ake gasa da shi a yankinmu ya karɓi QADI, QIBLA, NIQAB, FAQIR, abubuwan da tun muna makaranta muke ji, ga kuma QI da QAT. CEDI ma ta halatta, da PESEWA da KENTE da NAIRA da KOBO. KUMASI dai ba ta shiga don sunan gari ce, kar ka tsaya musu. Kuma ku yarda da ƙamus ɗaya tun kafin a buɗe jaka, rabin rigimar bes daga nan take tashi. Wanda yake ganin sai Bature ke iya wannan harkar ya tuna Wellington Jighere ɗan Najeriya ne ya ci kofin duniya a Perth ta Ostireliya a 2015.

Waya fa? Akwai manhajoji da zaka zuba haruffanka su jero maka komai, harafin da ba ka sani ba ka sa alamar tambaya a gurbinsa, kamar ?A?E. Ana cikin wasa ka taɓa ta maguɗi ne, ba wani suna. Amma in an tashi ka ɗauki hoton haruffan da suka gagare ka, ka zuba su ka ga abin da ya wuce ka, wanda duk ya fito harafi bakwai ka yi masa kwalinsa a daren.