Yadda Nake Ɗaukar Hoton Ƙwari Suna Cikin Tashi

Lokacin da na fara, na ɗauki hotunan mazari sun fi 300, duk suka fito dishi-dishi. Kuskurena shi ne bin ƙwaron da kyamara duk inda ya nufa. Daga baya na gane ashe jira ake yi.

Mazari yana da wata ɗabi'a: in ya tashi daga kan reshe, sau da yawa nan zai dawo. To, ka kashe fokas na atomatik, wato saitin da kyamara ke yi da kanta don abu ya fito tas a hoto, domin yakan ruɗe da ƙaramin abu mai irin wannan gudu, ka saita da hannu a kan reshen. Da ka hango shi yana dawowa, danna maɓallin ka riƙe, kyamara ta yi ta ɗauka a jere.

Saurin shata kuwa, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara lokacin ɗaukar hoto, kada ya gaza 1/2000 na daƙiƙa. Ƙudan zuma yana kaɗa fiffike kusan sau 230 a daƙiƙa guda, shi ya sa ko a 1/4000 za ka iya ganin bakin fiffiken bai fito tas ba. Ni wannan bai dame ni ba, ya ma fi nuna cewa a sama yake. Ƙofar lensi, wato inda haske ke shiga kyamara, ina barin faɗinta a f/8, in haske ya ragu sai in ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske, zuwa 1600.

Da sassafe sanyi kan rage wa ƙwari kuzari, amma hasken bai isa ba. Na fi son hantsi, rana tana bayana, ina lura kada inuwata ta faɗa kan furen, don nan take za su watse.