Tsohon garin Argungu: yadda ake ziyara da abin dubawa kafin kama gida

Baƙon da ya zo ganin tsohon garin Argungu ya fara da Gidan Tarihin Kanta, wanda kuma ake kira Gidan Nabame. Nan ne fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942, aka buɗe shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai takubba da masu da tambura da kayan kamun kifi, ga kuma kaburburan sarakuna. Wajen kaburburan a sassauta murya, a tambayi ma'aikaci kafin a ɗaga waya da niyyar hoto. Daga Birnin Kebbi tafiyar awa guda ce a mota, kuma gara a iso da hantsi, don daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Lokacin hunturu ya fi daɗin yawo.

Mota a ajiye ta a bakin titi. Lungu na ƙafa ne, ko na kabu-kabu. Namiji iyakarsa zaure: ya yi sallama, ya koma gefen ƙofa ya jira, in ya yi uku ba amsa ya tafi. Mace kan shiga ciki da sallamarta. Wanda ke son ganin gidajen manya ya bi ta hannun mai unguwa, shi zai haɗa shi da ɗan rakiya. Idan zuwan ya dace da bikin kamun kifi, wanda aka fara a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, a nemi masauki tun da wuri. Kada kuma a yi gigin jefa homa a kogin Matan Fada, inda ake bikin, ba da izinin Sarkin Ruwa ba.

Kama gidan zama shi ne mai wuya, kuma a nan mutane suka fi yin asara, saboda suna duba gida da rani. Gidan ƙasa da rani duk lafiyayye ne. A je a Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.

A fara da gindin katanga. In ya zaizaye har hannu na shiga, ko ƙasar ta yi duhu tana gari in an taɓa, ruwa na kwanciya a wurin, kuma ta nan gini kan faɗi. A ƙwanƙwasa bangon da aka shafe da siminti: in ya yi ƙarar fanko, simintin ya rabu da ƙasa. Siminti ba ya kama jar ƙasa, sai ya kulle damshi a ciki, wata rana ya ɓalle da faɗinsa. Yaɓen ƙasa da aka cuɗa da ciyawa ya kwana ya ruɓa ya fi shi amana nesa ba kusa ba.

Sai a shiga ɗaki a ɗaga kai. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma tana lanƙwasa in an yi ta jibga ƙasa a rufi shekara da shekaru ba a kankare tsohuwar ba. A soka wuƙa a bakin azara inda ta shiga bango, nan ne take fara ruɓewa. A hau soro a duba indararo ɗaya bayan ɗaya. Leda guda ta toshe shi, ruwa ya kwana a sama, da asuba rufi ya fara zuba. Indararon ya zarce bango sosai, kuma inda ruwansa ke sauka a zuba duwatsu.

Rijiya da masai ana son tazarar kamar mita 30 tsakaninsu, abin da gidajen cikin gari ba kasafai ke da shi ba. In sun matsu, ruwan rijiyar na wanki ne kawai. Garin kuma a bakin fadamar shinkafa yake, don haka gidan sauro dole ne.

Kafin a biya kuɗin haya a tambayi wa ke da gidan. Da yawa gidajen gado ne, magada barkatai, wani ya karɓi kuɗi wani ya zo da takardar tashi. A rubuta yarjejeniya gaban mai unguwa da shaidu biyu, a faɗi la'adar dillali, a kuma rubuta wanda zai ɗauki nauyin yaɓe da gyaran rufi duk shekara. Aikin a gama shi a Afrilu ko farkon Mayu, ya bushe kafin ruwan farko.